Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido Ta Jihar Bauchi: In Za A Gina Dandalin Wasa, A Fara Da Gizo

Assalamu alaikum.

Mai girma Kwamishina da sauran ma'aikata, Allah ya ja zamaninku, ya taya ku riƙo.

Ni malamin firamare ne a nan cikin garin Bauchi, uban 'ya'ya huɗu, kuma gardamar da ta kaure a tsakar gidana ce ta sa na ɗauki biro. Washegarin Babbar Sallah na kwashi yaran zuwa wani wurin wasa, ba sai na kama suna ba. Lilo uku muka tarar, ɗaya an ɗaure shi da igiya, sai wata ƙaramar mota mai batir wadda ba ta motsi sai an tura. A jikin katanga an zana wani ɓera mai faffaɗan kunnuwa. Mai fenti ya so ya ce Mickey Mouse ne, amma ya fi kama da gafiya mai ciwon haƙori. Muka biya kuɗin ƙofa, muka sha rana, muka dawo. Da daddare babban ɗana ya ari wayar uwarsa ya nuna wa ƙannensa bidiyon Epic Universe, sabon dandalin wasan da kamfanin Universal ya buɗe a Orlando ta Amurka ranar 22 ga Mayu 2025. Nan fa aka hau rabon fili: in an gina irinsa a Bauchi, me za a zuba a ciki?

Babban ya ce Mario da Real Madrid. Mai bi masa, wadda ba ta gajiya da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa, ta ce a yi unguwa guda ta rawa da waƙa. Na ukun ya kafe a kan Spider-Man. Auta ya ce shi dai a kawo giwa ya hau. Uwarsu tana tankaɗe ta ce in za a ji tata, a yi inuwa da banɗaki mai ruwa, sauran duk surutu ne.

Na san ba ku kira ni shawara ba. Amma garin nan yana ta faɗi, yara suna ta yawa, kuma duk ranar da wani mai kuɗi ya tashi gina irin wannan wuri, ta kan teburinku takardarsa za ta bi. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa na ce bari in faɗi tawa tun yanzu.

Abin da yarana ba su sani ba shi ne kowane suna da suka ambata akwai mai shi, kuma haya ake ɗauka. Mario na kamfanin Nintendo ne na Japan. Universal da kansa, duk girmansa, sai da ya ƙulla yarjejeniya kafin ya gina masa unguwa, haka ma ta Harry Potter. Dandalin Disney na Tokyo da aka buɗe a 1983 ba mallakar Disney ba ne. Wani kamfanin Japan mai suna Oriental Land ne ya gina shi yake gudanar da shi, yana biyan Disney kaso daga cinikinsa. Wanda aka sanar a watan Mayun 2025 cewa za a yi a Abu Dhabi ma haka ne: kamfanin Miral na can zai zuba kuɗin gini, Disney ya kawo zane da suna ya riƙa karɓar nasa. Mai suna ne ke faɗin yadda za a gina da yadda ma'aikaci zai yi shiga, kuma ba da naira ake biyansa ba. Kun fi ni sanin abin da ya sami naira tun daga Yunin 2023. Tikitin yini ɗaya a Epic Universe lokacin da aka buɗe shi ya haura dala 130. A canjin lokacin, kusan albashin wata uku ke nan na mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, naira dubu 70, kuma na mutum ɗaya fa. Ni da zan je da mutum shida, sai dai in sayar da babur in haɗa da gonar gado.

A ce ma kuɗin ya samu. Suna kaɗai ba ya riƙe wuri. A Dubai an buɗe Bollywood Parks a 2016, dandali sukutum na fina-finan Indiya, a garin da Indiyawa suka cika maƙil. A 2023 aka rufe shi, a filinsa aka buɗe na Real Madrid a 2024. Da na faɗa wa yaran haka, 'yata ta zumɓura baki, yayanta ya yi ta tsalle. Na ce masa ya yi a hankali, wanda ya gaji shago ba shi da tabbacin ya gaji ciniki.

Akwai kuma maganar abin da zai shiga cikin garin nan da abin da ba zai shiga ba. Daga cikin unguwanni biyar na Epic Universe, ɗaya ta masu sihiri ce, ɗaya kuma ta Dracula mai shan jini da 'yan uwansa. Wane uba ne a Jahun ko Yelwa zai biya kuɗi a miƙa wa ɗansa sandar tsafi, ko da ta roba ce? Ba mu manta yadda aka yi da ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kano a 2016 ba. Malamai suka tashi, aka janye maganar kafin a haƙa tushe.

To, abin da nake roƙo shi ne a ba Gizo babbar ƙofa.

Na san za a yi dariya. Amma ku duba yadda waɗancan wurare suke aiki. Ƙarfen da ke ciki kusan iri ɗaya ne a ko'ina: dogo ne da kujera da inji, akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su ƙera su sayar wa kowa. Kwalekwalen da ake ja sama a sako shi cikin ruwa an daɗe ana yinsa. Abin da ke sa mutum ya tsallaka teku ya bi layin awa biyu shi ne labarin da aka lulluɓe ƙarfen da shi. Mu kuwa labari muke da shi har ya yi mana yawa, ba kuma mai zuwa ya karɓi haya.

Ku ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki, yadda kakata ta ba mu ita. Ana yunwa, hankaki suna tashi zuwa wani ɓaure da ke tsakiyar kogi su ci su ƙoshi. Gizo ya yi ta magiya har kowane ya cire gashi ɗaya ya ba shi, ya liƙa, ya tashi tare da su. Da aka sauka, duk ɗan ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce ai shi ya riga gani. Haushi ya kama su, kowa ya tsige gashinsa, suka bar shi a kan reshe. Ya faɗo ruwa, ya tsinci kansa a gidan kada, ya ce shi ɗan uwa ne da ya daɗe da ɓata, aka ba shi masauki kusa da ƙwai. Kun san abin da ya sami ƙwan. Yanzu ku mayar da wannan abin hawa. Layin jira ya bi ta cikin gidan Gizo, ga rumbu wayam, ga muryar Ƙoƙi daga ɗaki tana mita. A zauna cikin babban masaki mai fukafukai, inji ya ja shi sama a hankali, hankaki na kuka ta kowane gefe. A ƙwanƙolin ɓaure a ji Gizo da tsamin bakinsa yana "nawa ne, nawa ne". Sai fukafukan su zube ɗaya bayan ɗaya, yara suna kallo, sun kuma san abin da zai biyo baya, wanda shi ne rabin daɗin. Masaki ya sulalo ya faɗa ruwa, ya kutsa cikin duhun gidan kada, ya fito ta ɗaya gaɓar kowa ya jiƙe sharkaf. Wallahi ni da furfurata sai na hau sau biyu.

Wata ma ba ta buƙatar inji ko kaɗan. Gizo ya ba Giwa bakin igiya, ya ba Dorina ɗaya bakin, kowace tana zaton da shi take ja. Katanga ce kawai da rami a tsakiya da igiya mai kauri. 'Yan wannan makaranta a nan, 'yan waccan a can, ba mai ganin wani, Gizo na zaune a bisa katanga yana zuga kowane ɓangare. Mai son a tsorata shi kuma ga Dodo, wanda ya haɗiye gari da shanunsa. A shiga ta bakinsa, a laluba cikin duhu ana jin kukan shanu da dakan mata, a fito ta inda Autan tatsuniyar ya farke cikin. Sai dai a yi shi daidai wa daida, kada yaro ya koma gida yana firgita cikin barci. Maganar uwar yarana ma akwai tatsuniyarta. Ta-kitse, wadda in rana ta taɓa ta sai ta narke, ita ya kamata a ba unguwar ƙanana da masu goyo: rumfa ko'ina, bishiyoyi, ruwa mai feshi. Duk wanda ya san ranar Bauchi ta watan Maris da Afrilu ya san dukanmu Ta-kitse ne.

Wani zai ce ai ba a tatsuniya da rana. A gidanmu in muka matsa sai an yi, sai a ce a fara ɗaure Gizo, a ƙulla ɗan tsinken ciyawa. To, a bakin ƙofa a miƙa wa kowane yaro tsinkensa ya ƙulla. Mai karɓar tikiti ya ce "ga ta nan, ga ta nanku", yaro ya amsa "ta zo mu ji ta", sannan a buɗe masa. A ƙofar fita a rubuta ƙurunƙus.

Ba zan ɓoye muku raunin wannan shawara ba, don a ajina na gan shi. Na tambayi ɗalibaina wa zai ba mu tatsuniyar Gizo daga farko har ƙarshe. Waɗanda suka ɗaga hannu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Da na ce Spider-Man kuwa, har na bayan aji sai da suka miƙe. Yaro ba zai ja rigar ubansa a kai shi wurin wanda bai sani ba. Amma su ma waɗancan ba da gini suka fara ba. Mickey Mouse ya fito a 1928, ba a buɗe Disneyland ba sai 1955. Wasan Super Mario Bros. ya fito a 1985, unguwarsa ta farko sai a 2021 aka buɗe ta a Osaka. Shekaru ake yi ana dasa mutum a zuciyar yara kafin a gina masa gida. Wannan kuwa aiki ne da za ku iya farawa bana, ba sai an jira mai biliyoyi ba. Ga BATV, ga gidan rediyon jiha, ga matasa a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Tatari Ali waɗanda suka iya zanen katun a kwamfuta, suna zaune suna yi wa mutane katin biki. A sa gasa a fitar da kamannin Gizo guda ɗaya da kowa zai gane. Nan ma akwai gardama mai daɗi: mutum ne ko gizo-gizo? Ƙafa biyu ko takwas? Da na gaya wa ɗana na uku cewa mu ma muna da namu mai saƙa, kuma ya girmi nasa da ɗaruruwan shekaru, sai ya tambaye ni ko yana da riga. Tambayar tana kan hanya, a ɗinka masa. Tatsuniya ta kowa ce, ba mai iya cewa tasa ce, amma zanen da aka fitar da muryar da aka ba shi ana iya yi musu rajista a Hukumar Haƙƙin Mallaka ta ƙasa. Kada mu yi sanya. A 2024 Disney ya fitar da Iwájú, katun ɗin da aka gina a kan birnin Legas, tare da kamfanin Kugali na matasan Afirka. Idonsu ya riga ya iso nan. Abin kunya ne wata rana mu sayi Gizo da dala.

Bayan Gizo sai dawakai. A yammacin Faransa akwai wani dandali, Puy du Fou, wanda ya faro a 1978 da wasan dare guda ɗaya na tarihin yankin. Ba shi da jirgin lilo mai gudu a kan dogo ko ɗaya, dawakai ne da tsuntsaye da 'yan wasa, amma mutum fiye da miliyan biyu ke shigarsa a shekara. Mu da muke da lifidi da sulke da kakaki da algaita da tambari, sau nawa yaro ke ganinsu? Sallah ƙarama, Sallah babba, sai kuma in an yi naɗi. A nemi izinin masarauta a yi fili mai wurin zama, kowace Asabar da Lahadi da yamma a nuna yadda aka kafa garin nan: maharbi Baushe yana nuna wa Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, wuri a tsakanin duwatsu, ana zagaye shi da ganuwa, ana fitar da ƙofofi. Sunayen ƙofofin ma sun isa su zama sunayen unguwannin dandalin, Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Tirwun. Amma a nan ina jan kunne. Kada a mayar da yaƙe-yaƙen wancan zamani abin wasa. Wanda ya ci da wanda aka ci, duk jikokinsu ne za su sayi tikiti, su zauna a benci ɗaya. Jihar nan ta Gerawa ce da Jarawa da Sayawa da Fulani da Warjawa da Ningawa da wasu da dama, kuma kowa yana da kiɗansa da rawarsa da tatsuniyoyinsa. A ba kowa makonsa a filin. Wurin da zai cika ranar Sallah ya kamata ya cika ranar Kirsimeti.

Ginin kansa kada a kwaikwayo fadar Turawa mai tsini. Ku je Kafin Madaki ku sake kallon ginin mashahurin maginin nan Babban Gwani, ku ɗaga kai ku ga yadda aka tanƙwara azara da ƙasa aka yi rufi. Magina suna kiran irin wannan lanƙwasa bakan gizo, kun ga har a gini sunansa ya riga mu. Ku kuma sake shiga kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ana bi ta duhu, haske na ɗan ratsowa, ana hawa har a fito sarari, kuma ba sai an yi wa mutum dogon bayani ba kafin ya gane daga mulkin mallaka aka fito zuwa 'yanci. Ba da labari da gini ke nan, abin da ake biyan masu zanen Disney maƙudan kuɗi su yi, ga shi a garinmu tun tuni. Shi marigayin ma ya bar mana littafin Shaihu Umar, mai ayarin raƙuma da ƙetare Sahara. Labari ne mai nauyi, na bauta da rabuwar uwa da ɗa, bai dace da lilo ba. Zaure mai natsuwa ya dace da shi, da ɗan zagaye a kan raƙumi a waje, bayan an nemi yardar masu haƙƙinsa.

Ƙwallo ba sai na daɗe a kai ba. Ƙaramin fili, raga, mai tsaron gida, rigar Wikki Tourists a shago. Babban ɗana ya ce wannan ba Real Madrid ba ce. Na ce to ya tara kuɗin jirgi.

Abinci kuwa kada a raina shi, don a irin waɗannan wurare ciniki mai yawa daga ciki yake fitowa. A unguwar Harry Potter akwai wani abin sha mai zaƙi da mutane ke bin dogon layi su saya, don kawai a labarin an sha shi. Mu da ake yi wa kirari da masa, har matafiyi ke tsayawa ya yi guzurinta? A yi rumfar Ƙoƙi, masa da miyar taushe, kunun aya mai sanyi, fura da nono a ƙwarya. A ba matan da suka iya, a sa musu ido a kan tsafta.

Giwar Auta ce ta fi ba ni wahala. Na yi masa bayani cewa giwayen Yankari na daji ne, ba a hawansu, kuma suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a ƙasar nan. Ina roƙonku, duk daɗin bakin mai zuba jari, kada a kai injin lilo da lasifika kusa da ruwan ɗumi na Wikki da ke cikin Yankari. Wurin da aka keɓe tun 1956 don namun daji a bar musu shirunsu. Ga shi kuma ya haura kilomita 100 daga gari, talaka ba zai kai yara can ya dawo a yini ɗaya cikin sauƙi ba. In da za a tambaye ni, hanyar Ningi zan nuna: ga filin jirgin sama, ga Kafin Madaki, ga Sumu mai raƙuman dawa da jakunan dawa duk a hanya ɗaya, baƙo ya haɗa su a tafiya guda. A dandalin a ƙera giwa ta ƙarfe da roba mai girman gaske, a sa mata tsani. A kuma zagaye wurin da ɗan ƙaramin jirgin ƙasa, don dogon da ya ratsa garin nan zuwa Gombe da Maiduguri tun shekarun 1960 yawancin ɗalibaina ba su taɓa ganin jirgi a kansa ba.

Kafin a sa bulo ɗaya, a zauna da malamai da limaman coci da iyaye mata a nuna musu zane. Za a sami mai cewa Gizo maƙaryaci ne, ɓarawon ƙwai, me za a koya wa yara da shi? Amsar tana cikin tatsuniyar: kwaɗayinsa ne ya jefa shi ruwa, kuma yaran suna cikin masakin lokacin da ya faɗa. A yi masallaci, a tsayar da injuna lokacin salla, a ware ranar mata da ƙananan yara. Sannan gwamnati ta tsaya a kan fili da hanya da wuta da tsaro, da mai duba lafiyar injuna wanda ba ya karɓar na goro. Gudanarwa a bar wa 'yan kasuwa. Tinapa, cibiyar kasuwanci da shaƙatawa da aka buɗe a Kalaba a 2007 da kiɗa da algaita, kowa ya ga yadda ciyawa ta ci ta. A sayi injin da makanikin Bauchi zai iya kwancewa ya ɗaura, wanda ƙurar hunturu ba za ta kashe shi ba. Abin hawa biyar masu aiki kullum sun fi mini ashirin da rabinsu ke ɗaure da igiya.

Makon da ya wuce na ba wa 'yan ajina tatsuniyar hankakin, na ce kowa ya zana mini Gizo yadda ya gan shi. Wani ya sa masa hula haɓar-kada, wata ta ba shi ƙafa takwas kowace da silifa, wani kuma ya yi masa tumbi saboda ƙwan kada. Zanen suna nan cikin kwali a ofishin hedimasta. In kuna so ku gani, ku aiko, ko ni in kawo da kaina ranar Juma'a bayan an tashi.

Wassalam.

Naku,
Malamin firamare, Unguwar Jahun, Bauchi